Mai Tsaron Mesar Mai a Suwais

A tashar jiragen ruwa ta Suwais, a ƙasar Masar, ana ɗura wa wani babban jirgi mai, jar tutar gargaɗin wuta tana kaɗawa a samansa. Wani dattijo mai tsaron mesar man yana tsaye inda mesa ta haɗu da bututu. Gajere ne, hular kwano ta yi masa yawa, tafinsa yana kan mesar kamar mai duba zazzaɓin jariri. Muddin man yana gudu ba ya zama, ba ya waiwaye, ko shayi ba ya karɓa, a garin da ƙin shayin mutum raini ne.

"Baba Shahata, shayinka fa ya zama ruwan randa," in ji wani lebura, yana ƙyafta wa 'yan'uwansa ido. Sai su haɗa baki, suna kwaikwayon shaƙaƙƙiyar muryarsa: "Sai mai ya tsaya."

Ni na ba su wannan abin tsokanar. Bara na ji ya faɗa, muryar ta burge ni, na sa ta a bakin wani wawan mai gadi a wasan rediyon da na rubuta. Ban taɓa tambayar abin da ya shaƙe ta ba. Yau da na matso nake ganin tabon ƙuna daga maƙogwaronsa har cikin riga. Wataƙila ya taɓa waiwayawa sau ɗaya.

Dariyar tana ƙaruwa. Idonsa yana kan mesar, ya ce da ni a hankali, "Ustaz, kai da ganinka mai mutunci ne. Don Allah ce musu su sassauta, ba na jin kukan man."

Duk tashar nan, ni ya roƙa.