Ƙaurar Da Ta Ɓatar Da Shafin Lambunmu

Lambun da mahaifinmu ya bar mana a Gamkalley, ni da yayana muke riƙe da shi. Shi ne mai kula da shuka, ni ce mai hulɗa da masu saye. Yawancin gidajen abincin da muke kai wa kaya ta shafinmu na intanet suka same mu, domin duk wanda ya nemi salati ko tumatir a Yamai, mu yake fara gani.

Damuwarmu ɗaya ce: kamfanin da ke ajiye mana shafin a injinansa. Shafin ya yi nauyi, wani lokaci ma ya ƙi buɗuwa. Yayana ya matsa sai mun koma wani kamfani da abokinsa ya yaba masa. Na ce mu bari lokacin salati ya wuce. Ya ce ai kwashe kaya ne kawai daga wannan shago zuwa wancan. Babba ne, na bi ra'ayinsa.

Aka yi ƙaura, shafin kuwa ya yi sauri. Sai dai ba a jima ba wayata ta yi tsit. Na nemi kayanmu a intanet da kaina, ban gan mu a farko ba, ban gan mu a ƙasa ba. Wani mai lambu daga Kirkissoye ne zaune a gurbinmu.

Na yi ta kiran ma'aikacin sabon kamfanin, kullum sai ya ce in yi haƙuri, haka ƙaura take. Da na gaji, na hau taksi na je har wurin aikinsu, na ja kujera na ce ba inda za ni. Sai a lokacin ya duba. Ashe sun canza adireshin kowane ɓangare na shafin, ba su haɗa tsofaffin da sababbin ba, duk mai bin tsohuwar hanya sai ya tarar da wayam. Ga kuma wata alama da suka sa lokacin gwaji, mai hana injin bincike shigowa, ba su cire ba.

"Hajiya, mantuwa ce," in ji shi.

"Salatina yana yaushi a kwando, kai kana ce mini mantuwa?"

Ya gyara nan take, amma ya ce komawa saman jerin bincike sai a hankali. A wannan tsakanin yayana ya ishe ni. Kowace safiya sai ya kira: "Ƙanwata, har yanzu ban gan mu ba." Har cewa ya yi mu koma tsohon kamfanin. Na ce idan ya sake taɓa shafin nan, shi zai ɗauki kwando ya bi gidajen abinci da ƙafa.

Sai da zafi ya shigo, salati ya ƙare, sannan muka hau. Har yau mutumin Kirkissoye yana samanmu, kuma wani babban gidan abinci da ya koma wurinsa bai dawo ba. Yayana kuwa, duk baƙon da ya zo lambu sai ya ciro waya ya nuna masa yadda shafin ke buɗuwa da sauri.