Ruwan Alwalar Yaya Umaru

Ina ɗaure akuyata a bayan aji firinsifal ya sauko daga motar da ta taso daga garin Isa, ko zama bai yi ba ya ce mana za a rufe makarantarmu, a gina babba a bakin hanya, ta haɗa yaran garinmu Turba da na ƙauyukan gefe. Wallahi abin da za ni gaya maku gaskiya ne, da ni ya faru, a shekarun farin nan da gero ke bushewa tun bai kai gwiwa ba.

Makarantar 'yar ƙarama ce, sakandare ta jeka-ka-dawo. Ni masinja ne, wana Umaru kuma shi ke koyar da addini. Yana da dashen dogon yaro a gefen wurin sallarmu. Rijiya ta kusa ƙafewa, ba ruwan da za a ba itace, sai ya riƙa yin alwalar azahar a kansa, abin da ya ɗiga daga hannunsa da gemunsa shi ne rabon dashen. Malamai na tsokanarsa, "Malam, itaccen ga naka ya hi mu lada!" Shi kuwa ya ce, "Ku bari shi girma, mu ga wa za ya hwara gudowa inuwatai."

Ba a jima da labarin sabuwar makaranta ba ciwo ya kwantar da shi. Ya kama hannuna ya ce, "Ƙanena, in an gina waccan, ka cire shi da ƙasatai ka kai can. Kada ka bar min shi cikin kango." Na ce, "Za ni kai shi, Yaya." Allah Ya jiƙansa, bai tashi ba.

Bayan zaman makoki na koma aiki, na ɗauka dashen ya mutu. Da azahar na leƙa, sai na tarar ƙasar gindinsa a jiƙe, kuma ba jiƙa irin ta ruwan da aka kwarara ba, ɗigo-ɗigo ne, ga gurbin ƙafa biyu na mutumin da ya tsuguna. Na tambayi maigadi, Baba Jaɓɓi, wa ke alwala a nan. Ya ce, "Yaro, da wane ruwa? Ni kaina taimama nika yi." Butar Yaya kuwa tana gida, ni na rataye ta.

Wata rana na zauna tun hantsi ina kallon wurin. Ba kowa, ko tsuntsu. Da aka kira salla a gari na waiwaya kawai, ina juyowa ƙasar ta jiƙe. Na taɓa, da sanyinta. Subhanallahi! Haka ya riƙa faruwa har ruwan sama ya dawo, daga nan ban sake gani ba.

An rufe tsohuwar makaranta, yara suka watse. Sabuwar an haƙa harsashi aka tsaya, ni kuma na yi ta jira a gama. Ku da ke karantawa, in mara lafiya ya roƙe ku abu, ku auna kafin ku ce to.

Itacen ya girma yanzu, hannu biyu ba sa zagaye shi. Yana nan cikin kango, ban kai shi ba.