Kiɗan da Eufemia Za Ta Ji a Ƙafa

"To idan ba ka son a ji, me ya sa kake neman amfilifaya?" in ji Wilfrido mai gyaran rediyo, bai ko ɗago kai daga aikinsa ba.

"Ban ce kada a ji ba. Cewa na yi ba da kunne ba."

"Da me to, tsoho? Da gwiwa?"

Kusan abin da Ubaldo yake nufi ke nan, sai dai bai san yadda zai faɗa ba tare da an yi masa dariya ba. Tare suka taso da Wilfrido a unguwar Rebolo ta Barranquilla, kuma tun suna yara Wilfrido ke rigansa magana.

Sana'ar Ubaldo saƙa kujeru masu lilo da igiyar roba. Mutum ne marar hayaniya, amma ya auri macen da ta fi kowa rawa a layinsu. A wurin rawar titi ya fara ganin Eufemia, gaban wani ƙaton picó, irin tarin sifikun nan masu fenti da ake jin su har bakin kogi. Shi bai iya rawa ba. Jakarta ya riƙe mata, kuma haka ya ci gaba da riƙewa har suka yi jikoki.

Bayan wani zazzaɓi ne kunnenta ya fara mutuwa, har ta koma sai ta kalli bakin mutum take gane maganarsa. Ranar Lahadi, idan kowane gida ya fito da sifikarsa baranda, sai ta zauna tana bin ƙafafun mutane da ido. Wata rana wata babbar mota ta tsaya ƙofar gidansu ba a kashe injin ba, Ubaldo ya ga yatsun ƙafarta suna motsi. Ta ce masa tana jin abin a cikinta. Tun daga nan ya rasa sukuni.

Ya samu akwatin sifika mai ƙaton baki guda wurin wani maƙwabci da zai tashi. Saura amfilifayar da za ta tura shi ya yi wannan gurnani na can ƙasa, kuma wadda aljihun mai saƙar kujera zai iya ɗauka. A kasuwa kowa da tasa. Wani ya ce a duba lambar da ke jikin kwali, wani ya ce lambar ƙarya ce, a ɗaga a ji nauyi. Wani kuma ya rantse duk wadda ba ta da fanka a ciki abin wasan yara ce. A abu ɗaya kawai suka haɗu: duk wanda zai gwada masa sai ya juya sifika ta kalli titi, ya ƙure murya, ya tambaye shi layi nawa yake so ta kai. Haka ake auna kiɗa a garin, da nisan da ya yi. Shi kuwa nisan da yake nema bai wuce daga bango zuwa kujerar matarsa ba.

A ƙarshe Wilfrido ya ba shi wata tsohuwar amfilifaya da aka ciro daga gidan sinimar da ya rufe, ya ce ya je ya gwada. Ubaldo ya fito da akwatin baranda, ya juya bakinsa titi kamar yadda kowane ɗan mutunci yake yi, ya kunna. Maƙwabta suka ce akwatin dattijo Ubaldo mura yake yi. Eufemia ta zauna a gefe tana yi masa murmushi, irin wanda ake yi wa mutum don kada ransa ya ɓaci. Ƙafarta ko motsi.

Abin da ya kawo shi shagon ke nan yau. Wilfrido ya ce shi bai taɓa ganin mai neman kiɗan da ba ya fita waje ba, amma in ba ta yi ba ya dawo da ita kafin ya rufe, akwai mai so.

Da ya koma gida ya ce bari ya gwada sau ɗaya na ƙarshe. Yana cikin haɗa wayoyi hadari ya taso. Kafin ya ankara titi ya zama kogi, ruwa na jan kwanduna da takalma yana haurowa baranda. Ya ja akwatin da ƙyar zuwa cikin ɗaki, ya cusa shi a lungu, bakinsa na kallon bango, don nan kaɗai ne wuri. Ya rufe ƙofa da tagogi. Sannan ya kunna, don kawai ya ga ko ruwa ya shiga.

Kofunan da ke cikin kabad suka fara rawar ɗari. Hoton aurensu ya karkace. Shi bai ji wata waƙar kirki ba, sai wani nauyi da ya danne masa ƙirji, ya ce shi ke nan, ta lalace, kuma kayan aro ne. Ya miƙa hannu zai kashe, Eufemia ta kama wuyan hannunsa.

"Bar shi, Baldo. Wannan ganga ce, ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Ƙara kaɗan."

Ta zame takalmanta, ta dafe hannun kujera, ta lumshe ido. Dugaduganta suka fara bugun ƙasa, kuma daidai suke bugawa.

Ubaldo ya tsaya yana kallon akwatin. Amfilifayar nan ita ce ta jiya, waƙar ma ita ce. Ga ƙofa a rufe, ga sifika ta juya wa jama'a baya, abin da a wurinsa bai da maraba da cin abinci a ɓoye. Ta yaya abin da bai yi komai a fili ba zai yi a lungu?

Ruwa na tsagaitawa Wilfrido ya kira shi a waya, ya tambaya ko yana tafe da kayan.

"Ba zan kawo ba."

"Ta yi ke nan?"

"Ban sani ba. Ni dai ƙarar kofuna nake ji."

Wilfrido ya fara wani dogon bayani, amma Ubaldo ya hangi ruwa yana silalowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya nufi wajen wayoyin. Ya ɗaga su ya ɗora kan tebur, ya ɗauki shebur, ya fita buɗe magudanar da shara ta toshe. Ya jawo ƙofar ya rufe ta sosai a bayansa.