Tumba Mai Gaiwa

A gidanmu idan yarinya ta cika taurin kai sai a ce, "Ke Tumba ce?" Haushi nake ji, domin masu faɗar haka ba su san abin da ta yi ba. Ni na sani, daga bakin kakata Hajo, wadda Tumba ta haifi kakarta.

A zamanin sarakunan Musulmi na farko, akwai wani tafki yamma da garin Araba. Tumba a bakinsa take ƙyafa kifi, da shi take ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Idan rani ya yi, ruwa ya ƙafe, gaiwa takan nutse cikin laka ta yi barci, ta bar ɗan rami na numfashi, har ruwan sama ya tashe ta. Mutane na haƙo ta gefe-gefe su ci. Tsakiya kuwa ba a taɓawa, ita ce iri.

Sai aka ba da umarnin a kewaye gari da ganuwa saboda mahara, aka ɗora aikin a kan yayan Tumba, Yari. Yumɓun da ya fi kyau na tsakiyar tafki ne, can ya kai mahaƙa.

Tumba ta iske su suna gasa gaiwa a bakin rami.

"Yaya, mi kake yi haka? Iri na kuke ci."

"Tumba, koma gida. Kifi za ya tare maki dawaki in sun taho?"

"In ka gama katangarka, ita za mu ƙyafa mu ci?"

Mahaƙa suka yi dariya. Wani ya miƙo mata wutsiya, wai ta ɗanɗana.

Ta riƙa sare curin laka mai ramin gaiwa, tana ɗauka a ƙwarya, tana jerawa a inuwar rumbunta, rami na kallon sama. Yara suka sa mata waƙa, wai ta auri gaiwa.

Da damina ta faɗi, ta kai curin nan tafki. Ruwan ya cika da safe, kafin mako ya zagayo babu shi. Mahaƙa sun kwashe yumɓun har sun tarar da rairayi, ƙasa ta shanye. Sai ta tsince gaiwarta daga taɓo, ta taka har garin Darna, ta sake su a tafkin wasu.

Ta dawo ta cire bukkarta, ta kafa a bayan ganuwa. Yari ya aiko sau da yawa, har ya zo da kansa.

"Ki shigo ciki, don Allah. 'Yan ɗiyan nan fa?"

"Kwashe su in kana so. Ni ba ni kwana cikin tafkin da ka miƙar tsaye."

Ya kwashe su. A waje ta tsufa, tana saƙa faifai, a waje ta rasu.

Kwanan baya na ji a rediyo masu binciken teku suna roƙon a bar wa kifi wuraren da yake hayayyafa, kada manyan jirage su share ƙasan ruwa. Na kashe rediyon don takaici. Ganuwar Yari ko tudunta ba a gani yau. Amma jikokinsa na ɗauke da sunansa, ita kuwa sunanta ya zama abin zagin yara. Idan Allah ya ba ni 'ya mace, Tumba zan kira ta, mai dariya ya yi.