Ƙoƙunan Inna Dudu

Shekara talatin da biyu na yi ina riƙe da sitiyari. Na manta hanyoyi da yawa, na manta sunayen manya da yawa da na buɗe wa ƙofa, amma ranar da na kai wani Bature da matarsa yawon buɗe ido ƙasar Roni ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna yawan tambayata dalilin da ya sa nake cewa kada direba ya kai baƙin ofis wajen danginsa. To, yau ku buɗe kunne.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, Kazaure kuma tana ƙarƙashin Kano. Wani kamfanin aikin hanya ya kafa yadinsa a bakin gari, ni kuma na samu direba a can. Tsarinsu shi ne sabon direba ya yi wata shida na gwaji. In ya ƙare babu takardar tuhuma a fayil ɗinsa, sai a tabbatar da shi, a ba shi kaki da lamba. Takarda ɗaya tak ta isa a ce ka ajiye makulli ka kama gabanka. Ni saura mako uku wa'adina ya cika, ga shi na yi sabon aure.

Ranar wata Juma'a a ƙarshen damina babban direba ya kira ni, ya ce gobe akwai fita ta musamman. Babban injiniya, wanda muke kira Dogo a bayan idonsa, matarsa ta zo daga ƙasarsu, yana son ya nuna mata gari. Ba aikin kamfani ba ne, amma an rubuta takardar fita, an sa hannu, an cika Landiroba da mai. Wanda zai raka mu shi ne Malam Ɗanlami, jami'in kula da baƙi. Ɗan Musulmi ne kamar ni, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, sai dai in ya ga farar fata jikinsa rawa yake yi. Shi ya ɗora kwali biyu a bayan mota, ya ce, "Isyaku, wannan kwalabe ne, wannan kuma kofunan tangaran. Ka tuƙa kamar ƙwai ka ɗauko."

Da sassafe muka bi ta Kanya Babba muka shiga Babura, matar ta sayi tabarma da hular kaba tana ta murna. Muka dawo Kazaure wajen azahar, suka hau dutse suka leƙo gari da ruwan da ke kwance a gindinsa, suna ɗaukar hoto. Gaskiya ƙasar ta yi kyau a ranar. Gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo, ko'ina kore shar. Daga nan muka nufi Roni, da niyyar mu ɓulla Gwiwa kafin la'asar. Hanyar kuwa a lokacin ba hanya ba ce, ruwa ya zaizaye ta, duk gargada. A wani kwazazzabo mota ta yi tsalle, na ji ƙaras a baya. Ban tsaya na duba ba.

Tsakanin Roni da Gwiwa akwai wani faffaɗan dutse mai inuwar tsamiya, inda kake hango shanu suna kiwo har iyakar ganinka. Ni na nuna musu wurin, da bakina, don a nan na yi wasan ƙuruciya. Garinmu yana kusa, rugar Baffa Ja'e kuma tana gindin dutsen. Baffa Ja'e shi ke riƙe da shanun mahaifina tun kafin a haife ni. Ga wanda bai sani ba, haka ake yi a wajenmu: manomi ya ba Bafulatani amanar shanunsa, shi ya sha nono, in kaka ta yi ya zo ya zauna a gonarka ya bar maka taki. Babu takarda, babu shaida, magana ce kawai. Matarsa Inna Dudu kuwa ita ta shayar da ni wata uku lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo. Ɗana take ce mini.

Aka shimfiɗa tabarma, Malam Ɗanlami ya buɗe kwali. Kofuna shida, babu ɗaya da ya tsira. Sai a lokacin na gane abin da ke cikin kwalaben: giyar inabi ce kala uku da matar ta zo da ita, suna son su ɗanɗana a kan dutse suna kallon daji, kamar yadda suka saba a can. Matar ta yi dariya ta ce murfin fulas ma ya isa. Malam Ɗanlami ya ce atafau, matar babban injiniya ba ta sha a murfi. Ya ja ni gefe.

"Ka ga aikinka ko? Ranar Litinin za ka ga takarda a kan teburi."

"Ranka ya daɗe, hanya ce."

"Hanya ce za ta ba da amsa? Ba ka ce waccan rugar ta mutanenka ce ba? Sauka ka aro ƙoƙuna masu kyau, masu zane. Turawa suna son irin wannan. In suka ji daɗi, na manta da kofuna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, giya fa za a zuba."

"To sai me? Ba wankewa za ka yi ba?"

Wallahi na san amsar. Duk ɗan da ya tashi a karkara ya san ƙwarya ba tangaran ba ce, tana shan abin da aka zuba mata. Shi ma ya sani, uwarsa da ƙwarya ta yi masa fura. Amma na tuna amarya, na tuna kaki da lamba, ƙafafuna suka ɗauke ni zuwa ruga.

Inna Dudu tana ganina ta ajiye muciya. "Lale, lale da ɗana direba! Kai ne da motar can?" Na durƙusa na gaishe ta, na ce baƙi na kawo, suna son abin shan ruwa. Na nuna wasu tsofaffin ƙoƙuna da ke kife a kan danga, na ce waɗannan ma sun isa. Ta harare ni. "Baƙin ɗana su sha a ƙoƙon kaji? Allah ya sawwaƙe." Ta shiga bukka ta kwance ragar da ke rataye a kan gadonta, ta fito da ƙoƙuna huɗu farare tas, an yi musu zane da wuta. Na san su. Na aurenta ne, daga hannun mahaifiyarta ta gaje su, ba sa saukowa sai ranar suna ko biki. Ta goge su da gefen zaninta, ta ƙara mini da ƙwaryar kindirmo ta ce in kai wa baƙi. Na sa hannu biyu na karɓa.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne Dogo ya tambaya. Ina jin Turanci daidai gwargwado. Ya juya ƙoƙon a hannunsa, ya ce wa Malam Ɗanlami, masu wannan abin ba za su damu ba? Malam Ɗanlami ya washe baki ya ce ko kaɗan, mutanen daji ne, alfahari ma za su yi. Ina tsaye a wurin, taku uku tsakaninmu. Kalma ɗaya zan faɗa Baturen nan ya ajiye. Na sunkuyar da kai ina goge gilashin mota da ba shi da datti.

Suka zuba fara, suka shinshina, suka kurɓa. Suka zuba ja, suka juya ta a ƙoƙo suna ɗaga shi sama, suna gardama a kan wacce ta fi. Malam Ɗanlami bai sha ba, shi fa mai tsoron Allah ne, lemo ya buɗe. Shi ya riƙe kyamara. Kindirmon Inna kuwa matar ta ɗanɗana cokali ɗaya, sauran ya kwana a bayan mota har ya lalace.

Da suka gama na kwashi ƙoƙunan na gangara rafi. Na wanke da yashi, na wanke da toka da na roƙa a wata gona, na sake wankewa. Biyu sun fita. Biyun da aka zuba wa ja sun yi shuɗi-shuɗi a ciki kamar tabon ƙuna, ga wani wari mai tsami. Na kai wa Inna haka. Ta duba ciki, ta kai hanci, ta dube ni.

"Me suka sha, ɗana?"

"Zoɓo ne, Inna."

Ta sake leƙa cikin ƙoƙon. Sannan ta ce, "To." Ta shiga ta ɗauko man shanu a ɗan kwano ta ce in kai wa mahaifiyata, kamar kullum. Ba mu ƙarasa Gwiwa ba, rana ta yi sanyi, muka juya.

Kwana tara bayan haka ƙanina ya zo yadi ya ce Baba yana nemana. Na isa gida da hantsi na tarar da shanu bakwai a ƙofar gidanmu, mutane sun taru. Baffa Ja'e yana zaune a kan buzu da sandarsa a kafaɗa, ƙoƙuna huɗu a kife gabansa. Na durƙusa, bai amsa gaisuwata ba. Da mahaifina yake magana.

"Malam, ga dukiyarka. Ka duba, babu wadda ta rame."

Baba ya ce, "Haba Ja'e! Shekara arba'in? Yaro ne, a yi masa faɗa."

"Ba yaro ba ne, yana da mata. Kuma ba giyar ce ta kawo ni ba. Nasara ya sha abinsa, ba addininmu ɗaya ba. Amma wanda ya sha nonon Dudu ya dube ta ido da ido ya ce zoɓo ne. Da ta yarda fa? Wata mai zuwa za a yi sunan jikanta, da a cikinsu za ta ba malamai nono. Da makiyayanmu ba su hango kwalabe daga kan tudu ba, shi ke nan." Ya tura ƙoƙunan da sanda zuwa gabana. "Ta ce a ba ka. Ta ce kada in fasa, uwarta ce ta yi zanen."

Ya tashi ya tafi. Baba bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce kawai, "Isyaku, nawa suka ba ka?" Na ce ba su ba ni komai ba. Ya ce, "Ashe kyauta ka yi."

Da kakar nan Baffa Ja'e bai sauka a gonarmu ba, bai kuma sake sauka ba. Baba ya gwada ba wasu kiwon, bai ji daɗinsu ba, shanun suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ina zuwa ruga ba da haƙuri. Inna Dudu takan amsa sallama, ta sa a kawo mini ruwa a kofin roba, ta kira ni Malam Isyaku. Har Allah ya karɓi ranta ban ƙara jin ɗana daga bakinta ba.

A ofis kuwa sai sambarka. Aka tabbatar da ni, har da takardar yabo, wai direba mai dabara. Malam Ɗanlami ya samu ƙarin girma kafin shekara ta zagayo. Hoton matar Dogo riƙe da ƙoƙon Inna ya yi shekaru a bangon ofishin Malam Ɗanlami, kullum na shiga karɓar takardar fita sai na gan shi. Bayan mun yi ritaya na haɗu da shi a wani ɗaurin aure, ya zama Alhaji, gemu fari fat. Na tuna masa. Sai ya ce, "Wace ruga?" Wallahi ba ƙarya yake ba, ya manta. An ci moriyar ganga.

Ba na ɗora masa duka. Shi ya aika, amma ni na je, ni kuma na ce zoɓo. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Duk abin da ke cikin motar ofis a rubuce yake, har jak da sifana, in ya ɓace za a tambaye ka. Amma mutuncinka a wajen mutanenka ba ya cikin takardar fita, don haka babba zai kashe shi a yini ɗaya bai ma san ya taɓa wani abu ba. In an ce ka aro, ka tambayi kanka da sunan wa za a ba ka. Takardar tuhuma da na gudu, da na karɓe ta, iyaka in nemi wani aikin, lokacin direba ba ya kwana babu mota.

Ƙoƙunan suna nan a kan kabad ɗina. Jikokina sun sha tambaya me ya sa ba a shan fura a ciki, sai in ce na wata uwata ne. Tabon bai fita ba, na kuma daina wankewa.