Ɗan Kyanwar da Na Tsinta a Sarƙaƙiya

Jama'a, yau da hannuna na saka ajalina a aljihun taguwa!

Kun san Bature ya ce a sare duhuwar bakin rafin Beli saboda ƙudan tsando. Da hantsi muna aikin tare da mutanen gari, ina saran wata sarƙaƙiya sai na ji kuka siriri. Na leƙa. Ɗan kyanwa, ko ido bai gama buɗewa ba! Na ce madalla, ɓerayen rumbuna sun shiga uku. Na jefa shi aljihu, na ci gaba da sara.

Can sai birai suka kaure da ihu a kan kanya. Baba Sarkin Baka, tsohon maharbin garinmu, ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya taɓa abin da ba nasa ba?"

Na fito da shi ina dariya. Baba bai yi dariya ba.

"Audu, dubi dagin nan! Ɗan damisa ne!"

Innalillahi! Gatari ya suɓuce mini. Kowa ya ja da baya.

Baba ya ce, "Kada ka gudu. Mayar da shi inda ka ɗauko, ka dawo da baya-baya."

Taku ashirin ne, amma kamar tafiyar Kano a ƙafa. Na durƙusa na ajiye shi. Sai gurnani, ƙasa-ƙasa, daga cikin itatuwan geza! Jela kawai na gani tana kaɗawa.

Da na dawo Baba ya ce, "Tun da ka ɗauke shi uwarsa take kallonka."

Ɓeraye su cinye dawar, wallahi na yafe musu!