Macizan Baffa da Ɓerayen Kaka

Jiya na bi ta gaban shagon wani kafinta, ƙamshin garin katako ya bugi hancina, sai na ji ƙafata ta ɗaga da kanta. Ka yi mini uzuri, mai karatu. Wanda ya taɓa zama gida ɗaya da kububuwa ba ya sake yarda da garin katako.

Lokacin muna Tudun Fulani, ina firamare. Ƙanen mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, yana aiki a wani ɗakin bincike inda ake tatsar dafin macizai don haɗa maganin sara. Shi ke ba su abinci, shi ke sauya musu shimfiɗar garin katako. In ya dawo sai ya riƙa ba da labarinsu kamar abokan aiki: kasa malalaciya ce, gamsheƙa kuwa akwai son girma.

Wata damina binciken ya ƙare, aka ce ko a kashe macizan ko a watsa su daji. Baffa ya ƙi duka biyun. Ya ce sun daɗe a akwati, in an sake su ko su mutu ko su sari wani a gonar doya. Kisa kuwa, bayan an tatse su kamar shanu, sai a sāka musu da sanda? Wata cibiya can arewa ta amince za ta karɓe su, amma motarta sai ta samu sarari. Haka akwatuna suka iso gidanmu a bayan a-kori-kura, kowanne da kwaɗo, aka jera su a ɗakin ajiya. Baffa ya ce wa Kaka kayan ofis ne.

Kaka, mahaifiyarsu, ta shiga ɗauko doya, kayan ofis suka yi mata huci. Ta fito da baya da baya tana salati, ta zauna a kan tabarma ta dube shi.

"Kullum ina roƙon Allah ya ba ka mata. Abin da ka kawo mini ke nan?"

Labari ya zaga unguwa. Mai nono ta koma tsayawa daga bakin titi tana kwaɗa sallama. Maƙwabciyarmu 'yar Bida, wadda kullum take aron turminmu, ta sayi nata. Wani gardi ya zo ya ce a ba shi, Baffa ya sallame shi, don ya san karya musu haƙora zai yi ya yi ta yawo da su a rana.

Abin da Baffa bai yi tsammani ba shi ne rigima a kan ɓerayen da ya zo da su. Farare ne tas masu jajayen idanu, a keji, su ne abincin macizan. Kaka ta gan su ta ce marayu ne, ta shiga ba su gyaɗa. Ranar ciyarwa ta tare ƙofa.

"Inna, macizan ma fa rai gare su, sai sun ci," in ji Baffa.

"Su yi azumi."

Da yake maciji kan daɗe bai ci ba, dole ya haƙura, yana ta duban hanya ko mota za ta zo.

Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, na fito na ga akwati a tsakar gida, buɗe, babu kowa ciki. Ni na kwarma ihun. Babanmu ya haye duron ruwa da zanen wanka. Mama ta hau turmi da goyo. Kaka kuwa, wadda ciwon gwiwa ya sa take sallah a zaune, sai ga ta a reshen mangwaro, rungume da kejin ɓeraye. Baffa ya fito daga bayan ɗaki da soso a hannu. Ya ce ai ya mayar da kasar wani akwatin ne don ya wanke nata.

Kaka ta gyara mayafi daga sama ta ce, "Na sani. Mangwaro nake dubawa." Lokacin mangwaro kuwa ya wuce tuni.

Babanmu bai yi dariya ba. Ya ce ko macizai su bar gidan ko su tafi har da mai su. Baffa ya yi ta zarya wurin buga waya har motar ta zo. Yana lodi yana yi wa direba wasiyya: kada a bar su a rana, a rufa wa gamsheƙa buhu don ba ta son kallo. Da motar ta sha kwana na ga yana goge ido da hula. Ɓerayen dai a hannun Kaka suka tsufa.

Yanzu unguwar ta cika da gidaje, kuma babu mai barin a kai irin waɗannan baƙi cikin iyali, hakan ne ma daidai. Kaka ta rasu, Baffa ya yi furfura. Da na je gaishe shi kwanaki, na tambaye shi ko bai ji tsoro ba a lokacin.

Ya ce, "Tsoro kam na ji shi sosai. Amma ba a cin moriyar ganga a ya da kwaurenta, ko da gangar tana sara."